Kwamfutar Gida Mai Yawan Sandarewa: Yadda Ake Gano Matsalar Kafin A Kashe Kuɗi

Waya ta cika da hotuna da bidiyo, kuɗin data kuma kullum sai ƙaruwa yake yi. Wannan ya sa matasa da dama suka koma ga wata dabara: a samu tsohuwar kwamfuta, a jona ta da rautar Wi-Fi, a bar ta a kunne dare da rana ta zama rumbun gida. Duk wayar da ke gidan za ta iya zuba hotunanta a ciki, ko ta kalli fim da darussan makaranta daga can, ba tare da an taɓa data ba. Irin wannan kwamfuta ita ake kira saba, wasu kuma su ce uwar garke, domin ita ke yi wa sauran na'urori hidima. Wasu na ɗora mata manhajoji irin su Jellyfin ko Plex ko Nextcloud, wasu kuma buɗe folda kawai suke yi. Kwamfutar masu tura finafinai a shago ma kusan aikinta ke nan.

Babban abin da ke damun masu irin wannan kwamfuta shi ne sandarewa. Tana cikin aiki sai ta ƙame, ba ta mutu ba kuma ba ta motsi, sai an danne maɓallin wuta an kashe ta da ƙarfi. Gobe ko jibi ta sake.

A ɗauki misalin wani matashi a Bachirawa, cikin ƙaramar hukumar Ungogo. Ya sayi kwamfutar tebur ta hannu, ya ajiye ta a ƙasa, a lungun wani ɗaki mai rufin kwano. Hotunan bikin yayarsa na ciki, da bidiyon darussan da ƙannensa ke shirin JAMB da su. Tun da bazara ta kama take sandarewa sau uku ko huɗu a mako. Sau biyu ana yi mata fomatin, ba abin da ya sauya, illa wasu hotuna da suka salwanta. Yanzu an ce masa ya sayi sabon madabod.

Sandarewa kamar zazzaɓi take: alama ce, kuma cututtuka da yawa na kawo ta. Wanda ya fara sayen magani bai yi gwaji ba, zai iya kashe kuɗin da ya fi na kwamfutar. Wannan darasi zai bi gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya, daga na kyauta zuwa masu cin kuɗi.

Kafin komai: a kwashe bayanai

Duk lokacin da aka kashe kwamfuta da ƙarfi alhali tana cikin rubuta wani abu a faifan ajiya, akwai yiwuwar fayil ya lalace. Idan kuma faifan ne da kansa ke ciwo, gwajin ma zai iya ƙarasa shi. Don haka aikin farko shi ne a kwafe duk abin da ba za a sake samu ba, kamar hotunan iyali da takardu, zuwa wani faifai na waje ko filashi, sannan a cire shi a ajiye gefe. Fim ana iya sake turowa, hoton biki kuwa idan ya tafi ya tafi. Kada garin neman gira a rasa ido.

Mataki na 1: A tabbatar sandarewa ce

Sau da yawa waya ce kawai ta kasa ganin kwamfutar, ita kuwa lafiyarta ƙalau. Gwaji uku ne ke bambancewa.

Na farko, a danna maɓallin Caps Lock a kibod. Idan 'yar fitilarsa na kamawa tana mutuwa, kwamfutar na raye, wata manhaja ce ta maƙale. Idan fitilar ba ta motsa ba, sandarewar ta kai har ƙasa.

Na biyu, a gwada ta daga waya. Manhajar Fing na nuna duk na'urorin da ke kan Wi-Fi ɗin gida da lambar adireshin kowacce. A manhajar Termux kuma a rubuta ping, a bi shi da lambar kwamfutar, misali ping 192.168.1.10. Idan amsa na dawowa, kwamfutar ba ta ƙame gaba ɗaya ba.

Na uku, a duba ko lambar ce ta sauya. Idan aka ɗauke wuta rauta ta mutu, tana dawowa za ta iya ba kwamfutar sabuwar lamba, waya kuma ta ci gaba da ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Maganin wannan shi ne a shiga saitin rauta a keɓe wa kwamfutar lamba guda ta dindindin. Haka kuma a kashe saitin barci, domin kwamfutar da ta yi barci ba ta amsa kira.

Mataki na 2: A buɗe littafi

A samu littafin rubutu, ko manhajar rubutu ta waya. Duk lokacin da ta sandare a rubuta abu huɗu: rana da ƙarfe nawa, wace wuta take kai (Nepa, janareta ko sola), me take yi a lokacin, da yadda zafin ɗakin yake. Bayan mako ɗaya ko biyu, rubutun zai fara magana. Sandarewa tsakanin azahar da la'asar na nuni ga zafi. Wadda ke zuwa daidai lokacin sauya wuta na nuni ga lantarki. Wadda ke zuwa idan ana kwafar manyan fayiloli na nuni ga faifai ko RAM. Wadda ke zuwa da tsakar dare, babu mai amfani da ita, ta fi kama da matsalar saitin tsimin wuta.

Ita ma kwamfutar tana da nata kundin. A Windows, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta perfmon /rel, za a ga jadawalin ranakun da aka samu matsala. A Event Viewer kuma, a sashen System, a nemi mintunan da suka gabaci sandarewar. Za a ga Kernel-Power mai lamba 41, amma kada wannan ya ruɗi mutum: abin da yake faɗa kawai shi ne kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba, bai faɗi dalili ba. Abin nema shi ne saƙonnin da ke gabansa. Masu ɗauke da sunan Disk, kamar lamba 7 ko 153, faifai suke zargi. Masu sunan WHEA-Logger kuma kayan ƙarfen kwamfutar suke zargi.

A Linux, umarnin journalctl -b -1 -e na nuna layukan ƙarshe da aka rubuta kafin a kashe ta. Idan an ga I/O error, a tuhumi faifai. Idan an ga Out of memory, RAM ne ya cika. Idan kuma kundin ya yanke haka kawai ba wani ƙorafi, wannan ma bayani ne: abin ya zo mata ba zato, kuma galibi zafi ne ko wuta ko RAM.

Ƙa'ida guda ce daga nan zuwa ƙarshe: abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a rubuta, a jira. Wanda ya sauya abu uku rana ɗaya, ko ta warke bai san me ya warkar da ita ba, ranar da ta dawo kuma sai ya koma farko.

Mataki na 3: Zafi da ƙura

A ƙasar Kano, nan ya kamata zargi ya fara sauka. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce, ɗaki mai rufin kwano babu silin kuma ya fi waje zafi. A wurare irin su Ungogo da Panisau da Rangaza, inda gidaje ke maƙwabtaka da gonaki, ƙura ba ta yankewa: da kaka ga ƙaiƙayin sussukar gero da dawa, da hunturu ga hazo, ga kuma ƙurar hanya. Fankar kwamfuta na zuƙar duk wannan awa 24. Ƙurar da ta taru da hunturu ita ke toshe hanyar iska, amma ba a ganin illarta sai bazara ta zo.

A Windows ana auna zafi da HWiNFO ko HWMonitor, a Linux kuma da umarnin sensors. Yawancin furosesoshin Intel iyakarsu na wajen digiri 100, kuma idan suka kusanci nan sukan rage gudu da kansu. Kwamfutar da ke zaune ba ta komai amma tana nuna 70, ko take daɗewa sama da 90 idan tana aiki, tana buƙatar taimako. Yawancin faifan ajiya masu juyawa iyakarsu digiri 60 ne, kuma an fi so kada su wuce 50. Raspberry Pi kuwa na fara rage gudu daga digiri 80.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a buɗe murfin gefe, a saita mata fankar tebur na kwana uku. Idan sandarewar ta tsaya, an kama ɓarawo. Sai a yi waɗannan:

- A cire wayar wuta, a fitar da ita waje, a hure ƙurar da bulowa. A riƙe kowace fanka da yatsa ko tsinke lokacin hurawa, kada iska ta juya ta fiye da kima.
- A duba ko kowace fanka na juyawa, har da ta cikin akwatin wuta. Kyankyasai da tsaka na son ɗumin wurin, zanzaro ma kan yi gini a ciki.
- A goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. A kwamfutar hannu da ta shekara goma, man ya riga ya bushe.
- A ɗaga ta daga ƙasa zuwa kan tebur ko benci, a matsar da ita daga bango, kada a rufe ta da zane tana aiki.

Mataki na 4: Wuta

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ya kamata ta kasance. Akwatin wutar kwamfuta, wanda masu gyara ke kira fawa fak, shi ke mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3. Ƙa'idar ita ce layin 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6. Idan wuta ta zo da rauni, ko ƙaramin janareta na tangal-tangal saboda an kunna firji ko injin ruwa, tsohon fawa fak kan kasa riƙe wannan ma'auni. A irin haka kwamfuta ba lallai ta mutu ba, sai dai ta rikice ta ƙame.

Akwai kuma batun sauyin wuta. Lafiyayyen fawa fak na iya riƙe kwamfuta na kusan milisakan 16 bayan wuta ta yanke, wato ƙasa da ƙiftawar ido. UPS kan karɓi aiki kafin wannan lokaci ya cika. Wasu inbatocin gida kuwa sun fi haka jinkiri, shi ya sa da yawansu ke da maɓallin da aka rubuta wa UPS. Mai saba ya tabbatar a nan ya ajiye shi. Inbata mai fitar da tsaftatacciyar wuta, wadda ake rubuta wa pure sine wave a jiki, ita ta fi dacewa da kwamfuta.

Shi ma UPS ɗin a gwada shi: a cire shi daga bango kwamfuta na aiki, bayan an kwashe bayanai. Idan ta mutu nan take, batirin ya gama. Irin wannan batir kan yi shekara 3 zuwa 5 a ɗaki mai digiri 25, amma duk ƙarin kusan digiri 10 na rage rayuwarsa da rabi. A zafin Kano, batirin da ya shekara biyu abin tuhuma ne.

A kuma haska madabod da tocilar waya, a duba kafasito, wato 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a kansa. Samansu a shafe ya kamata ya kasance. Wanda ya kumbura ko ya tsiyayar da wani abu mai launin tsatsa ya lalace. Kwamfutocin da aka ƙera daga wajen 1999 zuwa 2007 sun yi ƙaurin suna da wannan ciwo, zafi kuma na tsufar da na kowane zamani. Mai gyara na iya sauya su da kuɗi kaɗan.

Gargaɗi: kada a buɗe cikin fawa fak. Yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an cire shi daga bango. Gwajinsa shi ne a aro wani lafiyayye a saka na kwana biyu ko uku. Mai Raspberry Pi 4 kuma ya sani cewa tana buƙatar caja mai bolt 5 da amfiya 3, ba kowace cajar waya ba. Umarnin vcgencmd get_throttled zai nuna 0x0 idan wuta da zafi duk lafiya.

Mataki na 5: RAM

RAM shi ne teburin aikin kwamfuta, inda take baje abin da take yi a yanzu. Ɗigo ɗaya ya lalace a cikinsa, kwamfuta za ta iya kwana biyar lafiya, ranar da wani muhimmin bayani ya sauka a wurin sai ta ƙame. Wannan ba ciwon tsofaffin kwamfutoci kaɗai ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2009 kan kwamfutocin Google ya gano cewa sama da kashi 8 cikin 100 na sandunan RAM ɗinsu na samun kuskure aƙalla sau ɗaya a shekara.

Ana gwada shi da MemTest86 ko Memtest86+, dukansu ana samunsu kyauta. A ɗora a filashi, a tayar da kwamfutar daga kansa, a bar shi ya yi zagaye huɗu. Zai iya cin dare guda, don haka a zaɓi lokacin da wuta za ta zauna. Kuskure ko guda ɗaya ne, ya isa hujja.

Kafin a sayi sabo, a cire sandunan, a goge haƙoransu masu ruwan zinare da magogin fensir, a hure ramin, a mayar har sai sun ce ƙas. Ƙura kaɗai na iya jawo kuskuren. A taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa RAM, musamman da hunturu, lokacin da jiki ke tara wutar nan mai tartsatsi. Idan sanduna biyu ne, a gwada kowace ita kaɗai, a gane mai laifin.

Mataki na 6: Faifan ajiya

Alamar ciwon faifai daban take: linzami na motsi amma komai ya tsaya, fitilar faifai ta kama ba ta ƙiftawa, wani lokaci a ji ƙas-ƙas daga ciki. Kowane faifai na ajiye rahoton lafiyarsa, wanda ake kira SMART. A Windows ana karanta shi da CrystalDiskInfo, a Linux da smartctl -a /dev/sda.

Kamfanin Backblaze na Amurka, mai ajiye bayanai a dubban faifai, ya ce layuka biyar yake sa wa ido: 5 da 187 da 188 da 197 da 198. Lafiyayyen faifai sifili yake nunawa a nan. Idan adadin ya tashi, musamman idan yana ƙaruwa, a sauya faifan tun bai tafi da kaya ba. Layi na 199 kuwa yawanci kebul yake zargi, sauya kebul ɗin SATA kaɗai na iya isa. Layi na 9 na nuna awannin da faifan ya yi yana aiki. Shekara guda awa 8,760 ce, don haka faifan hannu mai awa 40,000 ya haura shekara huɗu da rabi yana juyi. Duk mai sayen faifai a Beirut Road ko Sabon Gari, ya nemi a nuna masa wannan kafin ya biya.

Amma rahoto mai kyau ba garanti ba ne. Binciken Google na 2007 ya nuna cewa kusan kashi 36 cikin 100 na faifan da suka mutu ba su ba da wata alama ta SMART ba. Shi ya sa kwafi na biyu ya zama dole.

Mataki na 7: Manhaja

Sai an wanke kayan ƙarfe ake zuwa nan. Gwajin shi ne a ɗora Ubuntu a filashi, a tayar da kwamfutar daga kansa ba tare da an girka shi ba, a bar ta kwana ɗaya ko biyu. Idan ta sandare a nan ma, fomatin ba zai yi maganin komai ba. Idan ta zauna lafiya, sai a koma kan babbar manhajar da ke ciki, ko faifan da take kai.

A duba ko RAM na cika sannu a hankali, ta Task Manager ko umarnin free -h. Kwamfuta mai gigabait 4 da aka ɗora wa manhajoji biyar za ta yi ta nishi har a zaci ta ƙame. A duba ko faifan ya cika maƙil. A yi binciken ƙwayoyin cuta, domin kwamfutar da filashi da memorin mutane ke shiga kullum ba ta rabuwa da su. Mai Windows 10 ya tuna cewa Microsoft ta kawo ƙarshen tallafinta na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Ita kuma sandarewar tsakar dare tana da sanannun dalilai. Wasu ƙananan furosesoshin Intel na zuriyar Bay Trail, irin su Celeron J1900, sun shahara da ƙamewa a Linux idan suka shiga tsimin wuta mai zurfi, kuma ana magance shi da ƙara intel_idle.max_cstate=1 a saitin tashi. A Ryzen na farko, na 2017, ana shiga BIOS a mayar da Power Supply Idle Control zuwa Typical Current Idle.

Komawa Bachirawa

Da matashin nan zai bi wannan tsari, ga irin abin da littafinsa zai iya nunawa bayan mako biyu: sandarewa bakwai, biyar tsakanin ƙarfe 2 da 4 na rana, biyu kuma daidai lokacin da aka koma kan inbata. Ke nan cuta biyu ce ta haɗu, shi ya sa magani ɗaya bai yi aiki ba. Ta farko bulowa da sabon man furosesa da benci za su kawar da ita. Ta biyu kuma maɓalli guda ne a bayan inbata, ko sabon batirin UPS. Madabod ɗin da aka ce ya saya ba shi da laifin komai.

Idan an bi duk matakan nan matsalar ba ta tafi ba, to lokacin zuwa wurin mai gyara ya yi, kuma a tafi da littafin. Mai gyaran da aka gaya wa "an gwada RAM zagaye huɗu babu kuskure, zafi bai wuce 75 ba, an sauya fawa fak ba ta daina ba" ya san inda zai dosa, kuma ba zai fara da fomatin ba.

Bayan ta warke, a riƙe abu uku. A hure ƙura sau biyu a shekara, bayan kaka da kuma ƙarshen hunturu kafin zafi ya kama. A cire ta daga bango idan hadari ya haɗo da tsawa. A kuma shiga BIOS a mayar da Restore on AC Power Loss zuwa Power On, domin ta tashi da kanta duk lokacin da wuta ta dawo. Kada a ce an gama sai ta yi aƙalla mako biyu cur ba ta sandare ba, a rubuta ranar a littafin.